Ƙoƙon Noelia

Tun tana firamare a unguwar Cerro, Noelia ba ta san na biyu ba. Mahaifinta Heber, tsohon direban bas a birnin Montevideo, magana ɗaya ya raine ta a kai: duk wanda ya dage zai hau. Ta kuwa dage. A kamfanin da take amsa wayar masu ƙorafi, ana jera sunayen ma'aikata a allo gwargwadon himma, nata kullum a sama. Heber ya ishi maƙwabta da labarin, har mai sayar da burodi ya haddace.

Abin da bai sani ba, ta daina cin abincin rana don kada sunan ya sauko. Wasu safiyoyin sai ta yi kuka a tashar bas, ta goge ido ta shiga. So take ta ce masa ta gaji, amma tana tsoron ganin fuskarsa.

Ran Lahadi aka zauna tsakar gida shan shayin mate. Ƙoƙo ɗaya ne da bututun ƙarfe ɗaya, Heber ke zuba ruwan zafi yana miƙawa bi da bi. A nan ba ya wasa: ka zuƙe ka mayar, ba a riƙewa.

Da layi ya zo kan Noelia ta karɓa da hannu biyu. Ɗumin ya ratsa tafinta, ta jingina da bango, shi ke nan barci ya ɗauke ta.

"Ke 'yar nan, magana kike koya wa ƙoƙon?" in ji gwaggonta Mirta tana dariya.

Heber ya ɗaga wa Mirta hannu alamar ta ƙyale ta. Ya tsaya yana kallon 'yarsa, yadda wuyanta ya rame, yadda yatsanta ke motsi ko a barci kamar tana danna waya. Tausayi ya kama shi, da kunya.

Sai da inuwa ta juya ta farka a firgice. Ruwa ya huce, ba wanda ya sha.

"Baba, yi haƙuri, na riƙe muku..." Ta dubi ƙoƙon da ke hannunta. "Ba zan iya ba kuma. Sunana zai sauko."

"To ya sauko mana," ya ce. "Allon ne ya haife ki?"

Ta miƙa masa ƙoƙon. Ya mayar mata cikin hannu, ya rufe yatsunta a kai.

"Riƙe abinki. Mu ma jira."