Ozella Gaither, Wadda Ta Nema wa Cane Ferry Ƙuri'a

Haihuwa

An haifi Ozella Ruffin a shekara ta 1934 a Cane Ferry, ƙauyen manoman auduga da ke jihar Alabama ta Amurka. Mahaifinta, Cleophus Ruffin, yana noma gonar wani farar fata ne a raba amfani, mahaifiyarta Idella kuwa wankau ce sana'arta.

Ilimi, aiki da aure

Ta fara karatu a makarantar majami'a da aka keɓe wa baƙaƙen fata, wadda akan rufe duk lokacin tsinkar auduga. Duk da haka ta kammala kwalejin horar da malamai a 1955, ta dawo ta kama koyarwa a ajin da ita ma ta zauna. A 1957 ta auri wani bakanike mai suna Lemuel Gaither, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku.

Gwagwarmaya

A 1962 ta je yin rajistar zaɓe, aka yi mata jarrabawar da aka tsara musamman don kada baƙar fata ya ci, aka ce ta faɗi, sannan aka sallame ta daga aiki. Daga nan ta shiga bin gida-gida tana koya wa manoma karatu, Lemuel yana kwasar su a motarsa zuwa wurin rajista. A watan Maris na 1965 aka harbe shi a kan hanya da rana tsaka, kuma hukuma ba ta gurfanar da kowa ba. Bayan an binne shi, samari suka taru a ƙofar gidanta da bindigogi, ƙanensa Odell yana gaba.

"Yaya, kauce ki ba mu hanya," in ji Odell.

Ta ce, "Odell, gawa ɗaya ta ishe ni. Ajiye wannan abin, ka karɓi makullin motar yayanka. Akwai masu jiran a kai su rajista ranar Litinin."

Ya karɓa. A shekarar da ta biyo baya ta jefa ƙuri'arta ta farko. Sai dai ɗanta, Alvis, bai taɓa yafe mata hana ramuwa ba, yana tasawa ya ƙaura zuwa Chicago, ya yanke zumunci.

Shekarun ƙarshe

An mayar da ita aikin koyarwa a 1971, ta yi ritaya a 1996. A 2016 aka rufe rumfar zaɓen Cane Ferry, aka mayar da zaɓen wani gari mai nisa da motar haya ba ta zuwa. Jikarta Renita ta shirya zanga-zanga, hotuna suka bazu a wayoyi.

"Kaka, duba, duniya duk tana bayanmu!" in ji Renita.

"Madalla, 'yar nan. A cikin duniyar taki wa ya san maƙwabciyarmu tsohuwa Arlene ba ta iya hawa mataki? Wa zai riƙe wa masu goyo yara?"

Tun daga lokacin Renita da sauran matasan suka riƙa zama a barandar Ozella, tana koya musu ƙwanƙwasa ƙofa, da sanin maƙwabci da sunansa, da haƙurin aikin da babu mai ɗaukar hotonsa. Sun kai ƙara kotu, aka kori ƙarar a farkon 2019. A lokacin Ozella tana kwance a gadon asibiti, Renita ta kai mata labarin tana kuka. Ozella ta saurara, ta ce, "To, yaushe ne taro na gaba?"

Rasuwa

Ta rasu a watan Afrilu na 2019 tana da shekara tamanin da biyar, aka binne ta a maƙabartar majami'ar ƙauyen. Ta bar 'ya'ya mata biyu, Verna da Lucille, da ɗa ɗaya, Alvis, wanda ya iso bayan an rufe kabari, da jikoki bakwai. Rumfar zaɓen Cane Ferry tana nan a rufe har yau.