Matar da Ke Fasa Bututu a Kwamfuta

Kafin a tayar da injin farko a masana'antar, Gwaggo ta riga ta iso. Takan rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta goge tabarau, ta kunna kwamfuta a wani ɗan ɗaki da ke jingine da zauren aiki, wanda bangonsa ke karkarwa da zarar injuna sun tashi. Injiniya ce, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta haka ba. Daga manaja har mai gadi, Gwaggo suke cewa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na ƙi yarda ta tafi shiru.

A zauren, akan ɗaura bututun ƙarfe a inji, a gasa bakinsa ya yi jajir, yana juyawa wata 'yar tayar ƙarfe tana danna shi har ya tsuke, ya zama wuyan tukunyar iskar da ake sa wa marasa lafiya a asibiti. Yayana ke riƙe da injin nan. Aikin Gwaggo shi ne ta yi wannan juyin duka a kwamfuta tun ba a taɓa ƙarfe ba, ta ga inda zai sirance da inda zai tsage. Ma'aikata kan tsokane ta: "Gwaggo, yau nawa kika fasa?" Sai ta ce, "Da yawa, kuma babu wanda ya faɗo wa kowa a ƙafa."

Shekarar da aka canza musu irin ƙarfe, wuyan tukwanen ya fara tsagewa wajen gwaji. Yaya ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya rage gudun inji ya bi ƙarfen sannu. Tsaga ta ƙaru. Ya sake ragewa, abu ya ƙara lalacewa. Manaja ya tara su ya ce in gwaji na gaba ya faɗi za a rufe sashen, kowa ya kama gabansa. A gida Yaya ya koma kamar baƙo, matarsa ta ajiye abinci ta ɗauke shi yadda yake. Ni kaina na tsorata ƙwarai.

Gwaggo ta jawo kujera ta zauna gefen injin tana auna zafin ƙarfe, gumi na zuba, sannan ta koma ɗakinta ta yi ta fasa bututu. Da ta gama ta kira Yaya ta nuna masa hoton bututun a kwamfuta.

"Dubi nan, ɗana. Ja zafi ne, shuɗi sanyi. Kafin tayarka ta kai wuya, ƙarfen ya huce. Ka ƙara gudu, ka sassauta dannawa, ka yi ta kai-komo."

"Gwaggo, sauri fa ya haifi nawa."

"Na bi shi a hankali ta kowace hanya, ya fashe. Da sauri kaɗai ya ƙi. In ya tsage ka ce ni ce."

Yaya ya bi maganarta ya ƙera sababbin tukwane. Waɗanda suka halarci gwajin sun ce an ɗura wa ta farko ruwa, aka yi ta matsa mata, allurar ma'auni ta hau har ta wuce iyakar da ake nema, ko ɗigo bai fito ba. Aka kawo ta biyu, haka. Yaya, mutumin da dariyarsa sai an roƙa, ya ɗaga tukunya a kafaɗa ya zagaye zauren ana tafi. Manaja ya ce a ci gaba da aiki.

Gwaggo, ke ce mai hangen tsaga tun ƙarfe na lafiya. Sunanki ba ya jikin tukunya ko ɗaya, amma marar lafiyar da ke shaƙar iska a gadon asibiti ya amfana da ke bai sani ba. Kuma kin ɗauki laifi a kanki tun kafin a gwada, abin da manya da yawa ke gudu.

Masu tasowa, ku gwada kafin ku yanke, ku tsaya bayan abin da kuka gano kamar yadda ta tsaya. Mun gode, Gwaggo, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Yau da safe na ga Yaya da abokan aikinsa sun nufi masana'anta suna raha, ƙofar sashensu a buɗe.