Direban Tirela a Motar Golf

Mijin yayata, Hoyt Ledbetter, bai taɓa iya zama wuri guda ba. Ko a coci ka zauna kusa da shi, sai ka ji benci yana rawa, don ƙafarsa ba ta daina karkaɗawa. Tun yana saurayi yake jan tirela, yau katako, gobe daskararrun kaji, daga nan jihar Jojiya ta Amurka har inda kwalta ta ƙare. Yayata Ozella kusan ita kaɗai ta raini 'ya'yansu, kuma ban taɓa jin ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Da girma ya zo, idonsa na hagu ya fara hazo. Likita ya ce babbar mota kam sun yi sallama, ƙaramar ma gara ya haƙura. Sai suka sayar da gidansu suka dawo unguwarmu, inda kowa da 'yar motar golf mai batir yake zuwa kanti da asibiti, ta siraran hanyoyin da suka ratsa cikin itatuwa.

Tsohuwar motar golf ya saya a hannun wata mata da mijinta ya rasu. Ranar farko ya ɗauke ni, ya taka totur har ƙasa. Muka riski wata dattijuwa tana yawo da karenta, muka gaisa har da tambayar jikoki kafin mu wuce ta.

"Wendell," ya ce da ni, "wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya."

Na ce ai ta yi daidai da shekarunsa. Bai yi dariya ba.

Daga nan gida ya gagari Ozella. Ya yanke ciyawa da safe, da rana ya koma yana hararar ta ko ta tsiro. Ya kwance ƙofar da ba abin da ya same ta. Ya riƙa buɗe mata tukunya har ta kore shi da ludayi. Rannan dai ta ce masa don Allah ya je ya nemi abin da zai lalata a waje.

Wurin Purvis ya nufa, bakaniken da ke gyara mana motocin nan a bayan kanti. Purvis ya ce masa injinansu iri biyu ne, akwai wanda aka naɗa wa waya don gudu, akwai na ƙarfin ja, kuma duk wanda ka ɗauka ɗayan zai bi ka da harara, sai fa in za ka sauya duk abin da ke kai wa injin wuta. Hoyt ya ce shi ya ja kaya iya ja a duniya, gudu yake so.

Da hannunsa ya ɗaura sabon injin, ni ina miƙo sifana. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abin ya yi kyau, har hulata ta tashi. Amma da muka zo hawan da ke kafin gadar tafki, sai motar ta fara nishi, ta rage, ta rage, ta tsaya cak a tsakiyar tudu, wari kamar ana ƙona roba yana tasowa daga ƙarƙashin kujera. Motoci suka jeru a bayanmu.

"Sauka ka tura, ƙato," in ji Hoyt. "Tumbinka ne ya kashe ta."

"Ni na ce ka sayi ingarma ka ba shi abincin akuya?"

Na tura dai, tsofaffi suna ta yi mana sannu da aiki.

Wani zai haƙura a nan, ban da Hoyt. Ya koma wurin Purvis, kowane gyara kuma sai ya jawo ɗan'uwansa. Wayoyin batir sun yi siriri, aka sa masu kauri kamar yatsa. Da wayoyi suka fara kawo wuta da yawa, akwatin da ke raba wa injin wuta ya kasa ɗauka, ya ƙone, aka sa babba. Babban akwati ya shanye tsofaffin batura kafin a je kanti a dawo, aka cire su aka sa sababbi marasa nauyi. Teburin cin abinci ya koma na gareji, Ozella tana ajiye masa kofin shayi mai ƙanƙara tsakanin ƙusoshi. A watannin nan ne kawai na ga ya yi ƙiba, yana fito yana aiki.

A ƙarshe ya sami abin da yake so. Motar ta haye tudun nan da mu biyu kamar ba ta san da shi ba. Sai kuma wata damuwar ta ɓullo: unguwar ta yi masa kaɗan. Zagayen da a da yake cinye masa hantsi, yanzu kafin shayi ya huce ya gama shi. Ya je ƙarshen hanya ta gabas, ya juyo, ya je ta yamma, ya juyo. Sau da yawa nakan same shi a inda hanyarmu ta ƙare jikin shinge, yana kallon tireloli suna wucewa a babban titi, yana faɗa mini wadda ke ɗauke da kaya da wadda ba komai cikinta, daga ƙarar kawai.

Purvis ya sha gaya masa birkin motocin nan a tayoyin baya kaɗai yake, ba a yi shi don wannan gudu ba. Hoyt ya ce shi da ya tsayar da tirela a gangaren dutse. Wata safiya bayan ruwan sama, ya shawo kwana, agwagi suna tsallaka hanya a jere. Ya taka birki, baya ya zame a kan jiƙaƙƙen ganye, motar ta kwanta gefe cikin furannin wani bawan Allah. Agwagi ko gashi ɗaya bai faɗi ba, shi kuwa ƙashin kafaɗarsa ya karye.

Hannu a rataye, dole Ozella ta riƙa kai shi asibiti. Matar da ba ta taɓa gaggawa ba ko a tafiyar ƙasa, ranar farko a hankali ta tuƙa, yana gefe yana ta ba ta umarni. Ba a yi nisa ba na fara jin labari a kanti: wai an ga yayata ta wuce ta bakin tafki, ɗankwali yana filfilawa, ita kaɗai. Ashe takan sauke shi a gida, ta ce za ta sayo madara, ta ɓace har azahar. Ita ta je ta sa Purvis ya ƙara birki a tayoyin gaba, ba ta ko shawarce shi ba.

Na tarar da shi a baranda ran nan, yana kaiwa yana komowa, yana leƙen hanya. Da ta iso ya tambaye ta ina madarar. Ta dubi kwandon, ba komai, ta yi murmushi.

"Na manta, maigida. Bari in koma."

Kafaɗa ta warke, amma makulli bai dawo hannunsa ba. Da ya ga rigima ba za ta fisshe shi ba, sai ya sayo wata gawar mota a wurin Purvis, ba inji, ba kujera, ya jawo ta gareji. Jiya na wuce na hango ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashinta, yana zagin wata ƙusa da ta ƙi kwancewa.