Hoto Saba'in da Biyu na Ƙafar Shehu

Shekara talatin Malam Muntaka ya yi yana ɗaukar hoto a shagonsa na Gyadi-Gyadi: amare, 'yan makaranta, maniyyata masu neman fasfo. Da waya ta shiga hannun kowa, kasuwa ta mutu murus. Ya sayar da fitilunsa, ya koma zaman benci.

A nan Chinelo ta same shi. Ƙafar roba take haɗa wa waɗanda aka yanke wa ƙafa, a wani ɗan shago a Tarauni. Na'urar auna dungulmi, wato ragowar ƙafar da aka yanke, ta fi ƙarfinta, sai ta koma dabara: a zagaye dungulmin da waya, a ɗauki hoto kamar saba'in, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa. Sai dai nata hotunan duhu suke yi.

"Baba, an ce ka san haske," in ji ta.

"Shi kaɗai na sani, 'yata."

Haka ya fara. Mutum ya zauna a kujera, shi kuma ya durƙusa yana jan gwiwa yana zagaye shi. Makon farko ko tuwo bai iya ci ba saboda abin da yake gani.

Wata Laraba aka kawo Shehu, direban adaidaita sahu daga Unguwar Gano, wanda ƙari a ƙashi ya sa aka yanke masa ƙafar hagu. Mutum ne mai barkwanci. "Malam, ka ɗauke ta da kyau, neman aure za ta."

Malam Muntaka yana cikin ɗauka ya ga kumburi kusa da ɗinkin, launinsa ya saɓa da sauran fatar. Ya nuna wa Chinelo. Ta latsa wurin, Shehu ya cije leɓe.

"Malam Shehu, wayar nan fata kawai take gani," ta ce. "Ka koma asibiti su sa ka a babban injin da ke ganin ciki."

Ya yi dariya. "Madam, ai adaidaitar aka sayar aka yi aikin. Ki dai yi min ƙafa in tashi in nema."

Cikin kwana ashirin ta gama ƙafar, ta yi ta kiran lambarsa, a kashe. Sai bayan wata biyu yayansa Inuwa ya zo da labari: ciwon ya haye huhu, har an yi sadakar bakwai.

"Matarsa ce ta aiko ni," in ji Inuwa. "Wayarsa ta lalace. Ta ce an ɗauke shi hoto a nan, ko za a samu ɗaya yara su riƙa gani."

Malam Muntaka ya ɗauko wayar shagon, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Saba'in da biyu, duk dungulmi. A guda ɗaya ne kawai hannun Shehu ya fito, dafe da gwiwa, da zoben azurfa.

Inuwa ya daɗe yana kallo. "Wanke min wannan," ya ce.

Ƙafar kuwa, Chinelo ta kwance ta, ta sa ƙarfen a ta wani.