Kififiya Mai Jan Baya

Shekarar da nake kammala karatu, aikin da aka ba ni shi ne in gano inda kififiyoyin tabkinmu na Turba suke nufa idan ruwa ya sauka. Ba sa zama wuri ɗaya: da damina sai ka tsinci wata cikin gonar gero, wata a kwatar bayan masallaci tana jan jiki abinta. Duk wadda na kama sai in ja mata layi da jan fenti a baya, in sake ta. Ni a dole ga mai bincike! Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗi ba.

Ashe ɗaya ta bi kwata ta shige gidan wani mai shago, ta lafe gindin randa. A garinmu kuwa dabba mai zane a jiki ba ta shiga gida haka nan, turo ta aka yi. Aka hau tambayar wa ya shigo gidan ran nan. Babu baƙo sai wata tsohuwar Bafulatana mai kawo nono, wadda da ƙwaryar nan take ciyar da jikokinta. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa ita ta turo ta.

Na ɗauki gwangwanin fentin sai shagon.

"Baba, wallahi ni na shafa mata. Ga fentin."

Ya yi murmushi. "Kai dai yaron kirki ne, rufa wa tsohuwar asiri kake so. Boko bai san wanga abu ba. Tafi abinka."

Na rantse har na gaji. Na samu liman, ya ja kunnen mutane cewa zato zunubi ne. Kowa ya gyaɗa kai, amma ba wanda ya ƙara sayen nononta. Ta daina shigowa Turba.

Bayan kaka na gan ta a kasuwar Bafarawa, rana ta yi sanyi, ƙwaryarta cike. Maganar ta riga ta zuwa can. Kunya ta kama ni har na rasa inda za ni sa fuskata. Na durƙusa na gaya mata komai, na ce, "Inna, juye mini duka."

Ta ja faifai ta rufe ƙwaryar.

"A'a, ɗana. Kada a gan ka kana shan na hannuna, kai ma a guje ka."