Kwana Bakwai a Gonar Aro

Jibo Bafulatani ne na rugar da ke arewa da Dayi. An haife shi a cikin shanu, ya yi furfura a cikinsu, kuma har ya kai shekara arba'in da biyar hannunsa bai san ƙotar fartanya ba. Da ciwon bushiya ya shigo a 1983, ya share masa garke tas. Karsana ɗaya ta rage, sai matarsa Hansai da 'ya'ya shida.

Ni Maiwada, ni na ba shi aron gona da damina ta zagayo. Kowa a Dayi ya san ni da faɗa, ban kuma musa ba. Amma na ga mutum mai kunya yana neman ya rasa abin da zai ɗora a tukunya, sai na yanka masa gefen gonata, na ba shi irin dawa. Al'adarmu a fili take: gonar aro in ta koma daji, mai ita karɓe abarsa yake.

Ana tsakar noman firi na leƙa. Innalillahi! Ciyawa ta shanye dawar, harkiya har gwiwa, shi kuwa gogan yana zaune yana kallon karsanarsa tana kiwo a bakin gona.

Na ce, "Jibo, gona na ba ka ko makiyaya?"

Ya ce, "Malam Maiwada, wannan ciyawa mai kyau, ai asara ce a kashe ta."

Kai! Ji nake kamar in haɗiye zuciya. Shi a wurinsa ciyawa dukiya ce, haka ya tashi ya gani. Na ce masa kwana bakwai na ba shi. In rana ta faɗi ranar Laraba mai zuwa da sauran ciyawa, ya fita mini a gona. Gonar kuwa ko ƙato majiyi ƙarfi sai ya yi kwana goma a kanta.

Rana ta farko kunya tara ya nome, ya koma gida a duƙe kamar tsohuwa. Manoman da ke wucewa suna ta yi masa tsiya, wai Fillo ya zo yi wa ƙasa susa. Kashegari ya kai gorar ruwansa ƙarshen gona ya ajiye, ya ce ba zai kurɓa ba sai ya kai kunya uku. Rana ta uku ya mayar da su biyar. Tafin hannunsa ya saɓule, Hansai ta yaga tsohon zanenta ta naɗe masa. Ta roƙe shi ya kira gayya, ya ƙi. Ya ce in mutane suka nome masa bana, baɗi fa?

Daga baya na tambaye shi yadda ya jure. Ya ce, "Ban taɓa ɗaga kai na kalli gonar duka ba. In za mu kudu da shanu, ba ma tunanin kudu, mashayar yau kawai muke nema."

Ranar Laraba da la'asar na ɗauki hanya, na riga na shirya maganar da zan yaɓa masa. Ina isa na tsaya cik. Dawa ta fito fili layi-layi, ciyawar kuma ya tara ta dami-dami a gefe don karsanarsa. Saura kunya huɗu. Yana duƙe, tsumman hannunsa ya rine da jini.

Wallahi kunya ce ta kama ni. Na ce, "Ya isa haka, Jibo. Gona taka ce, je ka huta."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Faɗuwar rana ka ce, Malam. Ba ta faɗi ba."

Na kai hannu ga tawa fartanyar in kama masa. Ya ce in yi wa Allah in bari. To, mai faɗa ya gamu da wanda ya fi shi taurin kai. Na nemi gindin ɗorawa na zauna, ina kallon rana, ina kallonsa, kamar ni za a kora.

Ya sare ciyawar ƙarshe rana tana kan itatuwa, ba ta nutse ba. Ya miƙe a hankali. Na tafi da sauri na ba shi hannu, sai na ga ya tsaya yana murmushi bai karɓa ba.

Ya ce, "Yi haƙuri, Malam Maiwada, sun ƙi buɗuwa."

Yatsunsa sun ƙage a jikin ƙotar. Ni na durƙusa a gonata, na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka gaisa.