Baba Bandeji Ba Shi da Gurbi

A unguwarsu Likita ake ce masa, a wurin aiki kuwa Baba Bandeji. Da shara ya fara. Yana saurayi ya zo ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, aka ba shi tsintsiya da bokiti. Mai asibitin, wani likita mai faɗa da saurin hucewa, ya lura yaron ba ya kau da kai in ya ga jini. Wata rana aka kawo makaniken da injin ya yaga wa hannu, nas ba ta nan, sai likitan ya ce, "Kai, ajiye tsintsiyar nan, wanke hannu ka riƙe min nan." Tun daga ranar bai koma shara ba.

A hannun likitan ya koyi wanke gyambo, da cire zaren ɗinki, da ɗaure karaya kafin a tura mutum babban asibiti. Ɗakin ƙarshe, mai taga ɗaya da gadon ƙarfe da fanka mai ƙara, ya zama nasa. Takardar shaida ba shi da ita, firamare ma da ƙyar ya gama. In ya ɗauko maganar karatu, likitan ya ce, "Wace makaranta ta fi wannan? Bari aiki ya yi sauƙi." Aiki bai yi sauƙi ba har Baba ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, furfura ta cika masa gemu.

Da likitan ya rasu, 'yarsa ta karɓi asibitin. Ita ma likita ce, a gaban Baba ta girma, Kawu take ce masa. Ta tarar da katunan marasa lafiya jibge a kwalaye, kowa na buɗe na kowa, har mai gadi ya san ciwon mutanen layin. Masu sabunta lasisin asibitoci suka ce sai an gyara. Ta sayo kwamfutoci, ta kira wata mata mai saka manhaja.

Matar ta tara ma'aikata a ɗakin jira ta yi musu bayani. Kowa zai samu sunan shiga da kalmar sirri, abin da zai gani kuma ya danganta da matsayinsa. Likita na ganin komai. Nas na ganin umarnin likita, ta rubuta abin da ta yi wa mara lafiya. Mai karɓar baƙi na ganin suna da lambar waya da ranar dawowa, amma ba ta ganin cutar kowa. Akawu ya ce shi dai a bar masa inda kuɗi suke, aka yi dariya, har da Baba.

Aka fara shigar da su ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kansa.

"Baba, mene ne aikinka?" in ji matar.

"Ɗakin ciwo nake."

"To, nas ke nan. Lambar rajistarka fa?"

Ya dubi 'yar likitan. Ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Gurbin nas ba ya buɗuwa sai da lamba," matar ta ce a hankali. "Zan iya ƙirƙiro maka wani gurbin, amma me zan ba ka izinin yi a ciki? Duk abin da ya shafi taɓa mara lafiya, sunan mai lasisi yake nema."

Da aka watse, 'yar likitan ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. "Kawu, ba raini ba ne. In masu dubawa suka ga sunanka a kan aikin nas, rufe mu za su yi, kuma kai za a fara tuhuma."

"Na gane, 'yata," ya ce. "Ki yi abin da ya dace."

Da farko sun yi dabara: shi yake aikin, wata nas ta shiga da sunanta ta rubuta. Ba a jima ba ta same shi a ɗakin. "Baba, ka yi haƙuri. In na rubuta ni na yi, ranar da wani abu ya ɓaci ni za a tambaya, alhali ban ma ga ciwon ba." Ya san gaskiya ta faɗa.

Aka ba shi gurbin mai karɓar baƙi. Da yatsa ɗaya yake neman haruffa, layi ya yi ta tsawo har baranda. Yakan manta kalmar sirrin, ya yi ta gwadawa har na'urar ta kulle shi, sai an bugo wa matar waya ta buɗe. Tsofaffin majinyatansa su jingina da tebur su ce, "Baba, duba mana, me likita ta ce kan ƙafar nan?" Ya duba, babu komai sai suna da rana. In ya ce ba ya gani, su ɗauka girman kai ne ya same shi tun da ya hau kujera.

An ɗauki sabuwar nas, aka ba ta ɗakin ƙarshe. Akwai wani dattijo mai gyambo a ƙauri da Baba ya yi shekaru yana wanke wa, ciwon ya rufe ya sake buɗewa. Ita ba ta zuba masa maganin nan mai zafi da Baba ya saba zubawa ba, da ruwan gishiri na asibiti ta wanke, ta rufe da wani irin ƙyalle daban. Kafin wata ya zagayo sau biyu, dattijon ya zo gaban tebur ya ɗage wando. "Ka gani? Yarinyar nan hannunta da albarka." Baba ya durƙusa ya taɓa gefen tabon. Ya warke sarai.

Da ya koma gida ya ture abinci. Ya ce wa matarsa, "Ashe abin da nake zuba masa shi ke hana nama tofowa. Shekara da shekaru."

"Kai abin da aka koya maka ka yi."

"Ai shi ne abin."

Ya je makarantar koyon aikin jinya ya tambayi yadda ake shiga. Ma'aikacin wurin ya ce a kawo sakamakon sakandare, sannan ya tambaya, "Yaron naka, mace ce ko namiji?" Baba ya ce zai dawo.

Da layin ya yi yawa, aka mayar da shi bakin ƙofa yana nuna wa mutane wurin zama, aka rufe sunansa a kwamfuta. Ba a rage masa albashi ba. Duk da haka wata safiya bai je ba, washegari ma haka. 'Yar likitan ta zo har gida. Yana cikin ɗaki yana jin muryarta, ya sa matarsa ta ce ya fita. Maƙwabta sun ci gaba da kawo masa yaran da suka ƙone ko suka yanke, yana tura su asibiti ba tare da ya ko duba ba, har suka daina zuwa.

Bara ciwon suga ya kama shi, wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi tafiya. Matarsa ta ce su je wurin 'yar likita, ko sisi ba za ta karɓa ba. Ya ƙi. Mota biyu yake hawa zuwa wani asibiti a ɗaya gefen garin, inda babu wanda ya san shi, ya bi layi kamar kowa. Nas ɗin can, wani matashi mai fara'a, ya lura da yadda Baba ke bin hannunsa da kallo yana naɗa bandeji.

"Baba, wane aiki ka yi a da?"

"Shara na yi," ya ce. "A wani ɗan wuri."

Matashin ya manna filasta, ya ce ya dawo jibi, kada ya bari ruwa ya taɓa. Baba ya ce to, ya lallaɓa ya sa takalminsa.